Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Jama'armu mazauna Ingila, ku ba ni aron kunnuwanku. Likitoci da ma'aikatan jinya masu kwana a tsaye a asibitocin Landan da Manchester da Birmingham, malaman jami'a, injiniyoyi, masu kula da tsofaffi, direbobi, da duk wanda ya yi shekaru yana ƙwange cikinsa yana tara 'yan kuɗi don ya bar gidan haya, da ku nake. Ƙidayar 2021 ta nuna haifaffun Najeriya sun haura dubu 270 a Ingila da Wales, kuma tun bayan nan mutanenmu na ta ƙaruwa. Da yawa daga cikinmu yanzu sun kai matakin sayen gida, kuma sabbin unguwannin da kamfanonin gini ke kafawa a bakin gari su suka fi ɗaukar hankalinmu. Alhamdulillahi, abin farin ciki ne. Amma akwai wani rami a bakin ƙofar sabon gidan nan, kuma 'yan uwanmu na faɗawa cikinsa da idanunsu a buɗe, saboda ba wanda ya nuna musu.

Ga yadda abin ke faruwa. Za a zagaya da kai gidan talla, wanda aka ƙawata shi har ka ji ba ka son fita. Ka biya kuɗin kama gida. Daga nan sai a zaunar da kai, kai da maiɗakinka, a ajiye muku littafin zaɓi a gaba. Wane irin tayil kuke so a banɗaki? A sa muku dutse a saman kabad ɗin kicin ko a bar na katako? A gina muku wajen rataye kaya a jikin bangon ɗaki? A ƙara soket, a ƙara fitilu, a shimfiɗa ciyawa a bayan gida? Kowane zaɓi da farashinsa a gefe, kuma za ka ga farashin. Abin da ba za ka gani a shafin ba shi ne harajin da ke bin wannan farashin. Mai sayar maka ma'aikacin kamfani ne, aikinsa ya sayar. Harajin kuwa doka a wuyan mai saye ta rataya shi.

Harajin sayen gida da ake biya a Ingila da Ireland ta Arewa, wanda za ka ga lauya ya rubuta SDLT a takardarka, ya fara aiki a wannan siga tun Disamban 2003. Scotland ta ware nata a 2015, Wales a 2018, saboda haka wanda ke Glasgow ko Cardiff ya nemi lissafin can. Tun daga 1 ga Afrilun 2025, fam 125,000 na farko ba haraji a kai. Daga nan zuwa fam 250,000 kashi 2 cikin ɗari ne, daga nan zuwa fam 925,000 kashi 5, sai kashi 10 har zuwa fam miliyan ɗaya da rabi, abin da ya haura haka kashi 12. Wanda bai taɓa mallakar gida ba an yi masa rangwame: ba ya biyan komai har fam 300,000, sai kashi 5 a kan abin da ya hau har zuwa fam 500,000. Kwana 14 kacal ake bayarwa bayan an kammala ciniki a miƙa takarda ga hukumar haraji ta HMRC, a kuma biya. Lauya ne ke cike takardar, amma da sunanka ake cike ta. In an yi kuskure, kai za a nema.

To, ina ƙarin gyaran da ka zaɓa ya shigo? Dokar kuɗi ta 2003 ba ta tsaya ga farashin da aka rubuta a allon talla ba. Duk abin da ka bayar, kai tsaye ko ta bayan gida, domin ka mallaki filin da abin da ke manne da shi, shi ake yi wa lissafi. Idan ka biya kamfanin gini fam dubu takwas ya sa maka kicin mai tsada kafin a ba ka makulli, ranar da gidan ya zama naka da wannan kicin ɗin ya zama naka, don haka kuɗinsa ya shiga kuɗin gida. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan mutane ke ruɗuwa: ko da rasit daban aka ba ka, ko da katin banki ka biya a ofishin talla wata shida kafin a gama ginin, ko da kuɗin bai bi ta hannun lauya ba, wannan bai fitar da shi daga lissafi ba. Raba rasit ba ya raba ciniki.

Sai dai ba duk abin da ke cikin littafin zaɓin ne ake ɗora wa haraji ba, kuma wannan shi ne haƙƙinku da nake so ku tsaya a kai. Doka ta bambanta gini da kayan cikinsa, kamar yadda kowa ya san bambancin ɗaki da jeren amarya: in tashi ya kama, jere ya bi mai shi, ɗaki ya tsaya inda yake. Ita kanta HMRC ta rubuta a jagorar ma'aikatanta cewa kafet, ko an kafe shi ko ba a kafe ba, da labule, da kujeru da gadajen da ake ɗagawa, da firji da injin wanki masu zaman kansu, da shukar da ke cikin tukunya, duk kaya ne, ba a biya musu wannan haraji. Amma kabad ɗin kicin da aka kafe a bango, da wurin wanke-wanke, da tanda da aka gina a jikin bango, da kayan banɗaki, da bututan ɗumama gida, da ƙararrawar ɓarayi, da shukar da ke cikin ƙasa, waɗannan jikin gida ne. Tayil da aka liƙa da siminti ba ya bin kowa. Tsakanin waɗannan biyu akwai abubuwan da ake ja-in-ja a kansu, musamman na'urorin kicin da ake cusawa cikin kabad a rufe su da murfi iri ɗaya. A irin waɗannan ne kake buƙatar lauyan da zai zauna ya duba yadda aka kafa abin, ba wanda zai ce maka kowa ma haka yake yi ba.

Mu ɗauki misali, don lissafi ya fito fili. Gida fam 320,000, mai saye bai taɓa mallakar gida ba, harajinsa fam 1,000. Ya zaɓi ƙarin fam 12,000: dubu takwas na kicin da tayil da kabad, dubu huɗu na kafet da labule da firji. Harajin da ya wajaba a kansa fam 1,400 ne. In aka dunƙule komai wuri ɗaya saboda ba wanda ya nemi a rarrabe, zai biya fam 1,600. In kuma aka manta da ƙarin gaba ɗaya aka biya fam 1,000, to ya ci bashin hukuma bai sani ba, kuma bashin yana tara ruwa. Wani zai ce fam 200 ai ba komai ba ne. A wurin wanda ya yi aikin dare ya samo ta, komai ce. Kuma wannan misalin shi ne mafi sauƙi a cikinsu.

Mai zafin yana bakin fam 500,000. Rangwamen da aka yi wa sabon mai gida ba ya raguwa a hankali, yankewa yake yi ɗungurungum. Da zarar kuɗin gida ya haura fam 500,000, ko da fam ɗaya ne, rangwamen ya tafi duka, a yi maka lissafi irin na kowa. Wanda ya sayi gida fam 498,000 harajinsa fam 9,900 ne. Ya ga kicin ya burge shi, ya ƙara fam 4,000. Gida ya koma fam 502,000, haraji ya tashi zuwa fam 15,100. Kicin ɗin fam dubu huɗu ya ja masa fam 5,200 a gefe, ya tashi a kan fam 9,200. A kewayen Landan da kudancin Ingila, inda gidan da zai ɗauki iyali yake kusa da wannan farashi, wannan ba tatsuniya ba ce. Magidanci da ke da 'ya'ya huɗu ko biyar, mai neman ɗakuna huɗu, shi ne ya fi kowa kusa da wannan gaɓa. Ina roƙonku da girman Allah, duk wanda farashin gidansa ya kusanci wannan adadi, kada ya ɗora alƙalami a kan ko soket ɗaya sai ya haɗa jimla ya kai wa lauyansa.

Kada ku ɗauka hukuma ba ta kula da ƙananan abubuwa. A 2012 kotun haraji ta yanke hukunci a kan wata mata da ta sayi gida fam 250,000, ta biya wasu fam 8,000 daban a matsayin kuɗin kaya. A cikin kayan akwai wani kabad da teburin aiki da aka kafe a gareji, kuɗinsu fam 800. Kotu ta ce jikin gida ne. A tsarin wancan lokacin, haura fam 250,000 na nufin a ɗora kashi 3 a kan dukan kuɗin maimakon kashi 1, sai harajinta ya tashi daga fam 2,500 ya haura fam 7,500. An sauya wancan tsarin a Disamban 2014, lokacin George Osborne yana ministan kuɗi, amma irin wannan yankewar ce ta dawo ta zauna a bakin rangwamen sabon mai gida.

Yanzu ga maganar da ta fi shafarmu mu baƙi, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta. Rangwamen nan na wanda bai taɓa mallakar gidan zama ba ne a ko'ina a faɗin duniya, ba a Ingila kaɗai ba. Gidan da ka saya a Kano ko Zariya ko Maraɗi yana cikin lissafi. Gidan da aka ba ka kyauta yana ciki. Kason da ka gada a gidan mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ma yana iya shiga, kuma a wannan babin ba a duba ƙanƙantarsa. In ku biyu ne masu sayen, sai kowannenku ya cika sharaɗin. Bayan wannan akwai wani ƙarin daban: wanda a ranar ciniki yake da wani gidan zama da kasonsa a ciki ya kai fam 40,000, kuma ba gidan da yake zaune ya sayar ya maye da wannan ba, ana ɗora masa ƙarin kashi 5 a kan dukan kuɗin. Kashi 3 ne tun 2016, aka ɗaga shi ranar 31 ga Oktoban 2024. A nan miji da mata ana ɗaukarsu abu ɗaya, gidan Hajiya a Kaduna yana shafar cinikin Alhaji a Leeds ko da sunanta ba ya cikin takarda. Gidan nan na fam 320,000 da muka yi misali da shi, mai rangwame ya biya fam 1,000, mai saye na yau da kullum fam 6,000, mai wani gidan kuwa fam 22,000. A wurinsa, kowace fam ɗari ta ƙarin gyara fam goma ce ta haraji.

Na san abin da ake faɗa a majalisa: wa zai je Kano ya duba? Wannan magana ba ta dace da mu ba. Takarda ce za ka tabbatar da gaskiyarta da sunanka, kuma mu mutane ne da aka sani da riƙon amana tun zamanin fatauci, lokacin da ake ba Bahaushe kaya bashi daga Kano har Gwanja a kan kalmarsa kawai. Ban da haka, a ƙasar da zamanka da aikinka suka rataya a kan takardu masu tsabta, ƙarya a takardar haraji ganganci ne da rayuwar 'ya'yanka. Faɗa wa lauya komai. Sau da yawa ma gaskiyar ce ke fitar da kai: filin da ba a fara gini a kansa ba ba gidan zama ba ne, kaso da bai kai fam 40,000 ba ba ya jawo ƙarin kashi 5, kuma gadon da bai wuce rabin gida ba ana ɗauke kai daga gare shi a wannan ƙarin tsawon shekara uku daga ranar da aka gada. Amma ba za ka ci moriyar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba in ka ɓoye.

Iyayenmu da ke gida masu saya wa 'ya'yansu ɗalibai wurin zama, ku ma akwai naku. Tun 1 ga Afrilun 2021, wanda bai yi kwana 183 a Birtaniya ba cikin wata goma sha biyun da suka gabaci ciniki, ana ƙara masa kashi 2 a kan sauran. Alhajin da ke Abuja, mai gidansa a can, in ya sayi wancan gida na fam 320,000 da sunansa, fam 28,400 zai biya. Wanda ya zo aiki bai daɗe ba, ya yi gaggawar saye, shi ma wannan ƙarin zai same shi, sai dai yana da damar neman a mayar masa in kwanakinsa suka cika daga baya cikin wa'adin da doka ta tsara.

Wani zai tambaya, to me zai hana in karɓi gidan yadda yake, in kira nawa ma'aikacin daga baya? Babu abin da ya hana. Aikin da ka shirya da kanka, da wanda ka zaɓa, bayan makulli ya shiga hannunka, ba ya cikin wannan haraji, kuma ga wanda ke bakin fam 500,000 wannan ita ce hanyar da nake ba shi shawara ya bi. Amma ga sauran jama'a ba kullum take riba ba. Sabon gida ana sayar da shi ba harajin VAT a kai, alhali ma'aikacin da ke da rajista zai ɗora maka kashi 20 a kan aikinsa. Gudun kashi 5 ka faɗa kashi 20 ba dabara ba ce. Ga ɓarnar ɓalle sabon kicin a zubar, ga ƙura a gidan da yara ke ciki, ga kuma garantin shekara goma da ke zuwa da sabon gini, wanda ba zai ɗauki nauyin abin da wani ya taɓa ba. A ɗaya gefen kuma, farashin littafin zaɓi yakan fi na kasuwa nesa ba kusa ba, yawanci kuɗi hannu ake biya kafin a gama gini, kuma in cinikin ya rushe da wuya su dawo. Ra'ayina shi ne, abin da ke shiga cikin bango, kamar wayar lantarki da bututu, a bar wa magina su yi tun gini na tsaye. Kafet da labule da firji da ciyawar bayan gida kuwa, fita kasuwa ka taya. In kuma kamfanin ne da kansa zai dawo ya yi aikin bayan an ba ka makulli a ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya, to kada ka yanke wa kanka hukunci, lauya ya duba, domin hukuma na iya ɗaukarsa ciniki ɗaya.

Akwai masu zuwa da wata shawara, wai a kumbura kuɗin kafet da labule a takarda, a rage na gida. Ku guje su. Doka ta ce rabon kuɗi tsakanin gida da kaya dole ya zama na adalci kuma wanda hankali zai ɗauka, kuma amincewar mai saye da mai sayarwa a kan wani adadi ba ta ɗaure hukuma. HMRC na da wata tara ta buɗe bincike ba tare da ta ba da dalili ba. In ta gano sakaci tana iya komawa baya shekara shida, in da gangan ne shekara ashirin. Tarar sakaci na kaiwa kashi 30 na harajin da aka rage, ta ganganci kashi 70, in an haɗa da ɓoyewa kashi 100, ban da ainihin harajin da ruwan da ya tara. Haka kuma masu aiko da wasiƙa bayan ka tare, suna cewa za su karɓo maka rarar haraji su ɗauki la'ada. Hukumar ta sha yin gargaɗi a kansu, saboda takan biya tukuna ta bincika daga baya, kuma in ta ce a dawo da kuɗi kai za ta kama, shi dillalin ya riga ya ci nasa ya goge baki.

Masu gudun riba, waɗanda ke sayen gida ta bankunan Musulunci inda banki ke saye tare da kai kana fansar kasonsa a hankali, ku kwantar da hankalinku ta gefe guda: doka ta hana a karɓi harajin sau biyu a irin wannan ciniki. Amma sau ɗayan nan yana nan daram, kuma duk abin da na faɗa a kan ƙarin gyara ya hau kanku kamar kowa.

Saboda haka ku tashi tsaye. Kafin ku sa hannu a takardar zaɓi, ku ce a ba ku farashin kowane abu daban a rubuce, ba dunƙulalliyar jimla ba. Kamfanin da ya san kuɗin da zai karɓa ya san kuɗin kowane abu, kuma kwastoman da zai ba da ɗaruruwan dubban fam ba ya jin kunyar tambaya. Ku tura takardar ga lauya tun kafin a ƙulla yarjejeniya, domin kamfanoni kan ba da kwana 28 ne kawai daga ranar kama gida, kuma kwanakin nan gudu suke yi. Ku nemi lauyan ya rubuto muku abin da ya sa a lissafi da abin da ya cire, da dalilinsa. Ba dole ba ne ku ɗauki lauyan da kamfanin gini ya nuna muku. In ana ciniki, ku fi matsawa a kan ragin farashi ko a ba ku gyaran kyauta, domin abin da ba ka biya ba ba a yi masa haraji. Mata, ku da kuka fi zama a teburin zaɓin nan kuma kuɗinku ke ciki, kada ku bari a ce muku lissafi na maigida ne, ku riƙe alƙalamin tare.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na Hausawa da 'yan Arewa, limaman masallatanmu, masu kula da zaurukan WhatsApp, wannan nauyi har da ku. Muna taruwa don suna da walima da ta'aziyya, mu taru sau ɗaya don wannan. A cikinmu akwai akantoci da lauyoyi, a ware musu yamma guda su yi wa jama'a bayani da harshen da kowa ke ji, a kawo takardun gaske a duba. Wanda ya riga ya saya ya zo ya faɗi abin da ya tarar, kada ya bar ƙaninsa ya shiga a makance.

Ku kuma da kuka riga kuka tare, ƙofa ba ta rufe ba. Doka ta ba da wata goma sha biyu daga ranar da ya kamata a miƙa takarda a gyara ta, ta kuma ba da shekara huɗu daga ranar ciniki a nemi rarar da aka biya bisa kuskure. Wanda ya gano bai biya daidai ba, ya kai kansa kafin a zo nemansa, tararsa za ta ragu sosai, wani lokaci ma a yafe ta. Ku ciro takardar lissafin da lauya ya ba ku ranar kammala ciniki, ku ajiye ta kusa da rasit ɗin ƙarin gyara, ku gwada adadin da ke cikinsu a daren nan, gobe da safe ku kira lauyan.